Kalmar "Induce": Lallashi Ce ko Haddasawa, Kuma Ina Ya Dace a Sa Ta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma. A littattafanmu ina yawan cin karo da 'to induce labour', kuma malamarmu ta ce ma'anarsa a tayar wa mace da naƙuda. Sai kuma na ga wata jarida ta rubuta 'politicians induce voters with money', da na duba ƙamus ya ce mini ma'anar kalmar 'to persuade'. Kaina ya ɗaure. Kalma ɗaya ce ko biyu ne masu kama da juna? Zan iya sa ta duk inda zan sa 'make' ko 'persuade'? Sannan bikin da ake yi wa waɗanda suka kammala karatu, wanda ake kira 'induction', shi ma daga nan ya fito?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: yadda kalma ɗaya za ta yi aiki a ɗakin haihuwa kuma ta yi aiki a filin siyasa, iyakar inda za ki iya amfani da ita a rubutunki, da kuma dangantakarta da "induction". Malamarku ta faɗi gaskiya, ƙamus ma bai yi ƙarya ba. Kalma ɗaya ce mai manyan ma'anoni biyu, kuma abin da ke nuna miki wacce ake nufi shi ne abin da ya biyo bayanta a cikin jimla. In mutum ne ya biyo baya, sannan "to" da wani aikatau, to batun shawo kai ake yi. In kuwa wani hali ne ko yanayi, kamar barci, amai, naƙuda ko wutar lantarki, to haddasawa ake nufi. Wannan ita ce ƙa'idar da nake ba ɗalibaina tun ranar farko, kuma tana warware mafi yawan jimlolin da za ki haɗu da su.

Tushen kalmar

Daga Latin ta fito, daga "inducere", wadda ta haɗa ɗafa-goshin "in", wato ciki, da saiwar "ducere", wato jagoranta ko ja gaba. Ma'anarta ta asali ke nan: a ja wani abu a shigar da shi ciki. Ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14. Saiwar nan ita ce a cikin "produce", "reduce", "introduce", "deduce" da "seduce", duk 'yan gida ɗaya ne, ɗafa-goshin kawai ke sauya alkiblar da ake ja.

Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Na farko, yana nuna miki cewa ma'anonin biyu ba baƙin juna ba ne. Ko mutum ake ja zuwa ga wani aiki, ko jiki ake ja zuwa ga wani hali, a kowane lokaci akwai wani abu daga waje da ya yi jan. Na biyu, yana gaya miki matsayin kalmar. Ingilishi yana da kalmomi hawa biyu. Akwai na gida, gajeru, waɗanda ake hira da su kullum, irin su "make", "get", "let" da "lead". Akwai kuma waɗanda suka shigo daga Faransanci da Latin, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, waɗanda suka zama harshen kotu, coci, likitanci da makaranta. "Induce" tana hawa na biyu. Mu ma muna da irin wannan: "dole" da "wajibi" kusan abu ɗaya suke nufi, amma kowa ya san wacce ake ji a kasuwa da wacce ake ji a zauren karatu. Shi ya sa ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, yakan rubuta "formal" a gefen "induce".

Ma'ana ta farko: jan mutum zuwa ga aiki

Tsarin jimlar ba ya sauyawa: "induce", sai mutum, sai "to", sai aikatau. "The low rent induced him to move out of the city", wato arhar haya ce ta ja shi ya bar cikin gari. "They induced the witness to change his story", wato sun shawo kan mai shaida ya sauya magana. Ki lura da misali na farko, arhar haya ba ta da baki, ba ta kawo hujja ba, ba ta roƙe shi ba. Nan ne "induce" ta rabu da "persuade". Galibi wanda ya yi "persuade" magana ya yi, ya kawo dalilai ko ya yi lallashi har aka yarda. Wanda ya yi "induce" kuwa wani abu ya ajiye a gaban mutum, riba, kyauta, alkawari, wani lokaci ma tsoro ko ƙarya, abin nan ya ja shi. Kamar akuya ce da aka nuna wa ƙwaryar dusa, ba a ɗaura mata igiya ba, ba a kore ta ba, da ƙafarta ta bi har turke.

Wannan "da ƙafarta" shi ne abin da nake so ki riƙe, domin shi ya raba kalmar da "force" da "compel". Wanda aka tilasta ba shi da zaɓi. Wanda aka yi wa "induce" yana da zaɓi, sai dai an karkatar da zaɓin. Saboda wannan tsaka-tsakin ne lauyoyi ba sa rabuwa da kalmar. Sashe na 419 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, wanda 'yan damfara suka samu laƙabinsu daga gare shi, yana magana ne a kan wanda ya yi ƙarya da nufin zamba ya karɓi kayan wani, ko kuma, a lafazin dokar, "induces any other person to deliver", wato ya sa wani ya miƙa. Kundin Penal Code na Arewa ma da wannan aikatau ya bayyana laifin cuta a sashe na 320. Dalilin a fili yake: ɓarawo ɗauka yake yi, ɗan fashi ƙwata yake yi, ɗan damfara kuwa mai kaya ne ke miƙa masa da hannunsa. Doka tana buƙatar kalmar da za ta ɗora laifi a kan wanda ya yi jan duk da cewa wanda aka ja shi ya yi aikin, kuma babu wadda ta kai "induce" dacewa da wannan.

A shari'ar Ingila akwai tsohuwar ƙara da ɗaliban lauya ke karantawa, ta Lumley da Gye, a 1853. Wata mawaƙiya Bajamushiya, Johanna Wagner, ta ƙulla yarjejeniya za ta yi waƙa a gidan wasan Lumley kaɗai, sai Gye, mai wani gidan wasan a Landan, ya yi mata tayin kuɗi mafi tsoka don ta saɓa. Kotu ta amince cewa ana iya ƙarar wanda ya ja wani ya karya yarjejeniya, ko da shi ba ya cikinta. Sunan wannan laifin har yau "inducing breach of contract". Haka kuma za ki riƙa jin lauyoyi suna cewa "inducement, threat or promise" idan ana gardama a kan ko wanda ake tuhuma ya amsa laifi da son ransa ne ko kuwa kwaɗaitar da shi aka yi, ko tsoratarwa, ko alkawari.

Yanzu mu dawo kan jimlar jaridarki. "Politicians induce voters with money" ana gane ta, kuma jaridun Nijeriya suna yawan rubuta irinta, amma a cike ya kamata a ce "induce voters to vote for them", domin kalmar tana son a faɗi aikin da aka ja mutum gare shi. Dokar Zaɓe ta 2022, inda ta yi maganar cin hanci, cikakken tsarin ta bi: ba da wani abu don a sa mai zaɓe ya jefa ƙuri'a ko ya ƙi jefawa. A aikin fassarar labarai, idan irin wannan jimla ta zo hannuna ba na cewa "suna shawo kan masu zaɓe", domin a kunnen Bahaushe shawo kai abu ne mai kyau, shi ake yi tsakanin ma'aurata da masu rikici. Abin da marubucin ke nufi sayen ƙuri'a ne, ya dai zaɓi kalma mai riga da hula maimakon "bribe", wataƙila don gudun ƙara. Mai fassara ya kamata ya ga abin da ke ƙarƙashin kalmar, ya ce suna saye masu zaɓe da kuɗi, ko suna jan ra'ayinsu da kuɗi in ana son sassauci.

Kada ki ɗauka cewa kullum mugun abu take nufi. Gwamnati tana iya rage haraji "to induce companies to invest", don ta kwaɗaitar da kamfanoni su zuba jari, kuma babu aibu a ciki. Akwai kuma wata jimla da Turawan Ingila ke so, "Nothing would induce me to sell this farm", wadda mu za mu ce, ko me za a ba ni ba zan sayar da gonar nan ba. Fassarar da kanta ta nuna miki cewa a cikin kalmar akwai tunanin tayi.

Ma'ana ta biyu: haddasa wani hali

Wannan ita ce ta fagenki, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A nan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ba mutum ba ne, wani yanayi ne na jiki ko na zuciya: "induce sleep", "induce vomiting", "induce labour", "induce a coma", "induce anaesthesia". Ba a lallashin kowa. Magani ne, ko wani aiki da aka yi, yake sa jiki ya shiga halin da ba ya ciki.

Akwai jimla guda da nake so kowane mai aikin lafiya, kai har kowace uwa, ta iya karantawa: "Do not induce vomiting". Ana rubuta ta a jikin robar sinadarin wanke banɗaki, da magungunan ƙwari da yawa, da takardun gargaɗi a kan kananzir da fetur. Ma'anarta kada a sa wanda ya sha ya yi amai. A gidajenmu idan yaro ya sha kananzir daga gorar ruwa, abin da aka saba shi ne a ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Haɗarin kananzir kuwa a huhu yake, kuma lokacin amai ne yake samun hanyar shiga can. Kin ga inda rashin sanin aikatau ɗaya zai iya kai mutane.

A batun naƙuda, abokiyar adawar "induced" ita ce "spontaneous", wato abin da ya zo da kansa. "Spontaneous labour" naƙuda ce da ta taso don kanta, "induced labour" kuwa wadda aka tayar, ko da magani irin su oxytocin da misoprostol, ko ta hanyar fasa faya. Littattafanku za su kawo dalilai kamar ciki ya wuce mako 41, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko hawan jini. Akwai kuma wata kalma da ake rikita ta da wannan, "augment". "Induction" farawa ce daga babu, "augmentation" kuwa ƙara wa naƙudar da ta riga ta fara ƙarfi ne saboda ta yi sanyi. Da Hausa duka biyun mukan ce an sa mata ruwan naƙuda, shi ya sa ɗalibai ke haɗe su a jarrabawa, alhali a Ingilishin asibiti abu biyu ne daban.

Wannan bambanci na "spontaneous" da "induced" ya fi nauyi a wani wurin. A harshen likitoci, "spontaneous abortion" ɓari ne, "induced abortion" kuma zubar da ciki. Kalmar "abortion" ita kaɗai, idan mijin mace ko wani ɗan uwanta mai ɗan Turanci ya gani a katinta, zai iya ɗauka an yi abin da ba a yi ba. Sifar da ke gabanta ce ke ɗauke da dukkan ma'anar. Wannan yana cikin dalilan da suka sa asibitoci da yawa suka koma rubuta "miscarriage" idan ɓari ake nufi.

A nan ne kuma ƙa'idar da na ba ki tun farko take da togaciya. Za ki ji ana cewa "She was induced at 41 weeks", ko ma "The baby was induced". Ga mutum a matsayin wanda aikin ya faɗa wa, amma ba shawo kanta aka yi ba, naƙuda aka tayar mata. Abin da zai gane miki shi ne babu "to" da aikatau a bayanta. Gwada waɗannan biyun: "She was induced on Monday" da "She was induced to sign on Monday". Ta farko a ɗakin haihuwa take, ta biyu kuwa an ja ta ne ta sa hannu a takarda.

Sai kuma haɗaɗɗun kalmomi masu ƙarewa da "-induced", waɗanda suka cika littattafan lafiya: "drug-induced", "stress-induced", "exercise-induced asthma", "noise-induced hearing loss", "pregnancy-induced hypertension". Kuskuren da na fi gani a nan shi ne juya sanadi da sakamako. Ɗalibi ya bi kalmomin daga hagu zuwa dama kamar yadda Hausa ke jera su, sai ya kasa gane wa ya haifi wa. Dabarar ita ce ki fara daga ƙarshe. A "pregnancy-induced hypertension", kan magana shi ne hawan jini, sai ki komo baya ki ce, wanda juna biyu ya haddasa. "Drug-induced sleep", barcin da magani ya sa. "Self-induced vomiting", aman da mutum ya jawo wa kansa. Abin da ya zo kafin ɗan layin (-) shi ne sanadi, ko yaushe.

To me ya raba ta da "cause"? "Cause" ta kowa ce, tana shiga ko'ina. "Induce" ta fi son wani hali ko tsari da ake tayarwa a cikin jiki, ko zuciya, ko wani abu da dama yake da ikon shiga halin. Jikin mai ciki ya san naƙuda, jikin kowa ya san barci da amai, tayar da su ake yi. Shi ya sa "The rain induced the accident" ba ta zauna ba, "caused" ake so. Haka "Mosquitoes induce malaria", Bature zai gane amma zai ji ta banbaraƙwai. Iyakar ba a shata take da layi ba, kuma a rubutun kimiyya za ki ga an faɗaɗa kalmar fiye da haka. Amma duk inda kika yi shakka, "cause" ba za ta ba ki kunya ba.

Masu kimiyyar lantarki ma suna da rabonsu. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da wuta a cikinta ba tare da sun taɓa juna ba, kuma aikatau ɗin da ake faɗin haka da shi "induce" ne. Janareta da taransifomar unguwa a kan wannan suke aiki. A ilmin mandiƙi kuma, wato nazarin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, akwai "induction", wato tara misalai ɗaiɗai a fitar da hukunci na gaba ɗaya, kishiyar "deduction". Sai dai a wannan ma'anar sunan ake amfani da shi, aikatau ɗin ba kasafai ba. In kina son cewa kin gano abu daga alamu, "infer" ko "deduce" za ki ce.

"Inducement", "induction" da bikin yaye ɗalibai

Aikatau ɗin yana da suna biyu, kuma sun raba gado. "Inducement" ta ɗauki ma'anar farko: ita ce abin da aka ajiye don a ja mutum, kuɗi, muƙami, rangwame. "Induction" ta ɗauki ta biyu: tayar da naƙuda, sa barcin tiyata, haifar da wuta a waya. Ba a musanya su. Babu "inducement of labour" a littafin da aka rubuta da kyau, babu kuma "financial induction".

Bikin da kika tambaya kuwa, sunansa "induction" ne, amma aikatau ɗinsa daban ne: "induct". Su biyun daga "inducere" ɗin nan suka fito, sai dai "induct" ta riƙe ma'anar shigar da mutum cikin wata ƙungiya, sana'a ko muƙami a hukumance. Sababbin likitoci da hukumar likitoci ta ƙasa ke rantsarwa, da ma'aikatan jinya da ungozoma, da sabon ma'aikacin da ake zagayawa da shi a makon farko, duk "inducted" ake yi musu. Ina yawan ganin saƙonnin taya murna a Facebook da WhatsApp an rubuta "She was induced into the nursing profession". Wannan kuskure ne, kuma a bakin ungozoma ya fi muni, tunda ita ta san abin da "she was induced" ke nufi. Daidai shi ne "She was inducted into the profession". Ke da kanki za ki rayu da "induction" iri biyu, ɗaya ranar yaye ku, ɗaya kuma kusan kowane mako a wurin aiki.

Za a iya sa ta a madadin "make" ko "persuade"?

A nahawu, wani lokaci. A ɗabi'ar magana, ba sosai ba. Tushen matsalar daga Hausa yake, kuma ba aibu ba ne. Muna da aikatau ɗaya ƙarami, "sa", wanda ke ɗaukar nauyin da Ingilishi ya raba wa kalmomi da yawa. Ya sa ni dariya, ta sa yaro ya share ɗaki, ruwa ya sa hanya ta lalace, na sa an gyara mota, talla ta sa na saya. Ga kuma aikatau masu "-ar da", irin su fitar da, ciyar da, tsayar da, inda sanyawar ke cikin jikin kalmar. Bahaushe in ya zo Ingilishi sai ya nemi kalma ɗaya da za ta yi masa aikin "sa", alhali babu. Jimlolin nan biyar kowacce da nata: "He made me laugh", "She made the boy sweep the room", "The rain damaged the road" ko "caused damage to the road", "I had the car repaired", sai ta ƙarshe ce kaɗai "induce" za ta zauna daram, "The advert induced me to buy it".

Kowace kuma da abin da take so a bayanta, kuma a nan ake zubar da maki. "Make", "let" da "have" ba sa ɗaukar "to": "She made him go". "He made me to laugh" yana cikin kurakuran da na fi gyarawa a takardun ɗalibai. Sai dai in an juya jimlar "to" tana dawowa: "He was made to go". "Get", "cause", "force", "persuade" da "induce" duk suna buƙatar "to". "Make" tana iya ɗaukar sifa, "It made me happy", "induce" ba ta iyawa. "Persuade" da "convince" suna ɗaukar "that", "I convinced her that it was safe", "induce" ba ta ɗauka, domin aikinta a kan abin da mutum ya yi ne, ba abin da ya yarda da shi ba. "Persuade" tana iya hana mutum ma, "persuade him out of it", ita kuwa "induce" sai dai a ce "induce him not to". Tsofaffin littattafan nahawu sukan ce "convince" ta gamsar da zuciya ce kawai, "persuade" ta kai ga aiki, don haka kada a ce "convince him to go". Yau Amurkawa da Turawan Ingila da yawa suna faɗin haka, amma bambancin yana da amfani a sani.

Ko inda nahawu ya yarda, kunne yana iya ƙi. In kika ce "My mother induced me to sweep the room", jimlar ba ta karye ba, amma mai sauraro zai yi tunanin ko nawa aka biya ki. "Told", "asked" ko "made" ake nema. In kina ba da labarin yadda kika shawo kan wata mai ciki ta riƙa zuwa awo, "persuaded" ko "encouraged" ya dace, domin da bayani da kulawa kika yi, kuma "induced" za ta sa a ji kamar da wata dabara. Shawarata ga ɗalibai ita ce su fahimci kalmar a duk inda suka gan ta, amma su rubuta ta a wuri uku kawai: rahoton lafiya ko kimiyya, rubutun doka da hukuma, da inda suke so a ji cewa wani tayi ne ya ja mutum.

A jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, inda ake neman kalma mafi kusa da ma'ana, kada ki zaɓa daga abin da kika haddace. Ki duba bayan kalmar tukuna. Mutum da "to", amsar tana wajen "persuade", "influence" ko "entice". Hali ko yanayi, amsar "cause" ce ko "bring about". Sau da yawa sukan saka "deduce" ko "reduce" cikin zaɓin saboda kamar sauti.

Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu. Turawan Ingila sukan ce kamar "indyus" ko "injus", Amurkawa "indus", da dogon wasali, kuma ƙarshen sautin "s" ne ba "z" ba. "Induced" da sautin "t" take ƙarewa, gaɓa biyu ce ba uku ba.

Ni fagena harshe ne da fassara. Yaushe ake tayar da naƙuda, da wane magani, da wane adadi, wannan na malamanku ne da ƙa'idojin asibitin da za ki yi aiki, kamar yadda fassara sashen doka a gaban alƙali aikin lauya ne. Abin da ya shafe ni shi ne yadda za ki faɗa. A katin mara lafiya za ki rubuta "Labour was induced with", sai sunan maganin, sannan dalili da "for" ko "because of", kuma za ki ga ana taƙaita "induction of labour" da haruffa uku, IOL. Idan kika juyo wajen matar da mijinta ko uwarta, babu kalmar Hausa guda da za ki ɗauko, sai jimla. Ki ce, naƙuda ba ta zo da kanta ba, kuma jira zai iya cutar da ke ko abin da ke cikinki, don haka za a sa miki magani ya tayar da ita. In kuwa ƙarin ƙarfi ne, ki ce naƙudar ta fara amma ta yi sanyi, za a sa ruwan da zai ƙarfafa ta. Su biyun ba ɗaya ba ne a wurin matar, kuma tana da haƙƙin sanin wanne za a yi mata kafin ta amince.